Tarihin Faifan Ajiya Na Kwamfuta: Daga Nauyin Tan Guda Zuwa Tafin Hannu

Abin da nake so in kawo mana a wannan fitowa shi ne tarihin wani ɗan akwatin ƙarfe wanda da yawanmu mun yi shekaru muna ba shi amanar takardunmu na aiki da hotunan iyalanmu, alhali kuwa kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin cikinsa. Ina nufin faifan ajiya na kwamfuta, wanda masu gyara da 'yan kasuwa ke kira had-disk.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mujallar tsofaffin ɗalibai da wannan zance? To, abin da ya haɗa su shi ne, tarihin wannan faifai tarihi ne na malamai da ɗakunan gwaje-gwaje. Wanda ya jagoranci ƙera na farko tsohon malamin sakandare ne. Sa'an nan kuma kusan duk lokacin da aikin ya cije, aka ɗauka an kai maƙura, sai a tarar mafitar tana kwance cikin binciken da wani masani ya yi shekaru da dama kafin nan, tun ba a san amfaninsa ba.

Yadda Faifan Yake Aiki

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu san abin da ake magana a kai. Kwamfuta ba ta san harafi ko hoto ba, abin da ta sani shi ne sifiri da ɗaya. Kowane guda daga cikin waɗannan ana kiransa bit, takwas ɗinsu kuwa su ne bayit, wanda ya yi daidai da harafi guda na rubutu. Bayit miliyan ɗaya shi ne megabayit, megabayit dubu shi ne gigabayit, watau gigan nan da muka saba saye a waya, gigabayit dubu kuma shi ne terabayit.

A cikin akwatin akwai faranti ɗaya ko fiye, na alminiyam ko gilashi, an shafe fuskarsa da sinadari mai ɗaukar maganaɗisu, yana juyawa da gudu. A kansa akwai ɗan hannu mai kai da komo, a bakin hannun kuma akwai hed, ɗan'uwan hed ɗin nan na rediyo mai kaset da muke gogewa da auduga muna yara. Idan za a yi rubutu, hed ɗin yakan mayar da wani ɗan gurbi na fuskar farantin ya zama ƙaramin mayen ƙarfe mai fuskantar wannan ɓangare ko wancan. Idan za a yi karatu kuwa, sai ya bi ta kan guraben ya ji inda fuskantar ta sauya.

Ma'aunin ci gaba a wannan fage shi ne cunkoson rubutu, watau yawan bit ɗin da za a iya zubawa a murabba'in inci guda na fuskar faranti. Abin ya yi kama da ɗalibin da littafin rubutunsa ya kusa cika a tsakiyar zangon karatu, ya shiga ƙanƙanta rubutu. Sai ya sami alƙalami mai tsinin baki, sai idonsa ya iya karanta abin da ya rubuta, sa'an nan sai tawadar ta zauna ba ta bazu ba. Waɗannan matsaloli uku, na rubutawa da karantawa da zaunawar rubutu, su ne masana suka yi ta fama da su kusan shekara saba'in.

Malamin Sakandaren Da Ya Fara

Reynold Johnson malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a garin Ironwood na jihar Mishigan ta Amurka. A farkon shekarun 1930 ya ƙera wata na'ura mai duba takardun jarrabawa, wadda ke gane inda ɗalibi ya shafa fensir, domin baƙin fensir yana barin wutar lantarki ta bi ta cikinsa. Kamfanin IBM ya sayi wannan fasaha, ya kuma ɗauke shi aiki a 1934. Duk wanda ya taɓa zama da fensirin HB yana cike 'yan akwatuna a jarrabawar WAEC ko NECO ya ɗanɗani gādon wannan malami, ko da yake na'urorin da suka biyo baya da haske suke dubawa.

A 1952 kamfanin ya tura shi garin San Jose na jihar Kaliforniya ya buɗe sabon ɗakin bincike. A wancan zamani ana ajiye bayanai ne a kan katuna masu huda, kowane kati harafi 80, ko kuma a kan zaren maganaɗisu irin na kaset. Matsalarsu duka ɗaya ce: in kana neman bayanin da ke tsakiya, dole ka bi ta kan duk wanda ke gabansa. Mu da muke aikin gwamnati mun san wannan wahala a rajista, inda za a sauke ɗaurin fayil goma kafin a kai ga guda ɗayan da ake nema. Johnson da mutanensa suka nemi hanyar da za a tafi kai tsaye wurin bayanin da ake so.

A watan Satumba na 1956 aka bayyana sakamakon aikinsu, watau faifan IBM 350 na kwamfutar RAMAC 305. Faranti 50 ne jere a kan sanda guda, faɗin kowanne inci 24, an shafe su da fenti mai garin tsatsar ƙarfe, suna juyawa sau 1,200 a minti. Nauyinsa ya kai kimanin tan guda. Abin da yake ɗauka kuwa harafi miliyan 5 ne, wanda a lissafin yau bai wuce megabayit 3.75 ba. Idan aka ce kowane shafi na tafireta yana da harafi 2,000, to shafi 2,500 ke nan, watau rim biyar na takarda. Da ƙyar zai ɗauki hoto guda irin wanda wayoyinmu ke ɗauka. Amma ya maye gurbin kati 62,500, kuma yana gano kowane bayani cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Cunkoson rubutunsa bit 2,000 ne a murabba'in inci. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin za mu buƙace shi nan gaba.

Shi kansa karatun wannan faifai ya dogara ne a kan abin da Michael Faraday na Ingila ya gano a 1831, cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗin waya, wutar lantarki za ta ɗarsu a cikin wayar. Wannan darasi ne da aka koya mana a aji, muka haddace don jarrabawa. Shekara 125 ke tsakanin gwajin Faraday da faifan Johnson. An ba Johnson lambar yabo ta ƙasar Amurka kan fasaha a 1986, ya rasu a 1998.

Daga Ɗaki Zuwa Tebur, Daga Tebur Zuwa Jaka

Hanya ta farko ta ƙara cunkoso ita ce kusantar da hed ga faranti, domin ƙarfin maganaɗisu yana raguwa ƙwarai da nisa. A 1961 IBM ya fito da samfurin 1301, inda kowace fuskar faranti ta sami nata hed, yana shawagi a kan iskar da juyawar farantin kanta ke tayarwa. A 1973 kuma aka fito da samfurin 3340, wanda aka yi wa laƙabi da Winchester, saboda da farko an tsara shi da ɓangare biyu masu megabayit 30 kowanne, sai ya tuna wa injiniyoyin wata sananniyar bindiga mai lamba 30-30. A cikinsa aka rufe hed mara nauyi tare da faranti a mazubi guda don kada ƙura ta shiga, kuma a kan wannan tsari aka gina duk faifan da suka biyo baya. A 1980 kamfanin ya kai ga samfurin 3380, mai girman firji, wanda ya ɗauki gigabayit 2.52.

Duk waɗannan na bankuna ne da manyan ma'aikatu. Wanda ya kawo faifai kan tebur shi ne Alan Shugart, tsohon injiniyan IBM, wanda kamfaninsa, da aka sani daga baya da sunan Seagate, ya fitar da ST-506 a 1980. Faɗinsa inci 5.25, yana ɗaukar megabayit 5, kuɗinsa dala 1,500, watau dala 300 ke nan kowane megabayit. A 1983 kwamfutar IBM PC XT ta fito da faifai mai megabayit 10 a cikinta, a shekarar kuma kamfanin Rodime na Sikotilan ya ƙera mai inci 3.5, girman da ya zauna wa kwamfutar tebur. A 1988 kamfanin PrairieTek na Amurka ya fitar da mai inci 2.5 da megabayit 20, shi ne ya zama na kwamfutar tafi-da-gidanka, watau laftof.

Laftof ta zo da nata sharuɗɗa. Ba ta da wurin jera faranti da yawa, batirinta ba ya jure injin mai cin wuta, ga shi kuma ana yawo da ita ana bugewa. Shi ya sa yawancin faifanta suke juyawa sau 4,200 ko 5,400 a minti, alhali na tebur sun saba da 7,200. Tun da ba halin ƙara faranti, hanya ɗaya ta rage, ita ce ƙara cunkoso. Wannan ne ya sa sau da yawa sabuwar fasaha takan fara bayyana a ƙananan faifai kafin ta kai ga manya.

Matsalar Karatu

Da guraben rubutu suka yi ta ƙanƙancewa, sai hed mai naɗin waya ya fara gazawa. Wutar da ke ɗarsuwa a cikinsa ta dogara ga ƙarfin maganaɗisun da kuma saurin wucewarsa, ƙaramin faranti kuwa ba ya wucewa da gudu kamar babba. Rubutu yana nan, amma idon da zai karanta shi ya raunana.

Mafita ta farko ta fito daga wani bincike na 1856. A shekarar ne William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya lura cewa turjiyar da baƙin ƙarfe ke yi wa wutar lantarki takan ɗan sauya idan aka kusanto masa da maganaɗisu. Sauyin ɗan kaɗan ne, saboda haka ya zauna cikin littattafai fiye da shekara ɗari. A farkon shekarun 1990 IBM ya gina hed ɗin karatu a kan wannan ɗabi'a, har a 1991 ya fitar da faifai mai inci 3.5 wanda ya ɗauki gigabayit guda. Kafin nan cunkoso yana ƙaruwa da kimanin kashi 30 cikin ɗari a shekara, bayan nan ya koma kimanin kashi 60.

Mafita ta biyu ta fi ta farko girma. A 1988 masana biyu, Albert Fert na jami'ar Paris-Sud a Faransa da Peter Grünberg na cibiyar bincike ta Jülich a Jamus, kowa a nasa ɗaki ba tare da sanin aikin ɗan'uwansa ba, suka gano abu guda. Sun jera shimfiɗun baƙin ƙarfe da na ƙarfen kuromiyam, kowace shimfiɗa kaurinta bai wuce 'yan ƙwayoyin zarra ba, sai suka ga turjiyar tana sauyawa da yawa idan maganaɗisu ya kusanto. A gwajin Fert, wanda aka yi cikin matsanancin sanyi, turjiyar ta faɗi da kusan rabi. Daga nan Stuart Parkin, wani masani ɗan Ingila da ke aiki a ɗakin binciken IBM na Almaden, ya nuna cewa ana iya yin irin waɗannan shimfiɗu ta hanya mai sauƙi wadda masana'anta za ta iya ɗauka. A ƙarshen 1997 aka bayyana faifan Deskstar 16GP na kwamfutar tebur, mai gigabayit 16.8, shi ne na farko da irin wannan hed. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya cunkoso ya riƙa ninkawa kusan kowace shekara. Albarkacin haka ne a 2001 kamfanin Apple ya iya saka faifan Toshiba mai inci 1.8 da gigabayit 5 a cikin iPod, na'urar sauraren waƙa da ke shiga aljihu. A 2007 aka ba Fert da Grünberg kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks.

Matsalar Zaunawar Rubutu

Ana murnar warware matsalar karatu sai ga wata ta taso. Fuskar faranti ƙananan ƙwayoyi ne na maganaɗisu, kuma kowane bit yana buƙatar tarinsu. In ana son ƙanƙanta bit, dole a ƙanƙanta ƙwayoyin. Amma idan ƙwaya ta yi ƙanƙanta ainun, ɗumin ɗaki kawai ya isa ya juyar da fuskantarta, sifiri ya koma ɗaya ba wanda ya taɓa shi. A 1997 wasu masanan IBM sun yi kiyasin cewa za a ci karo da wannan katanga a wajen bit biliyan 40 a murabba'in inci, kuma a irin gudun da ake yi a lokacin, saura 'yan shekaru a kai can.

Da farko an yi dabarun jinkirtawa. A 2001 IBM ya saka wata shimfiɗa ta ƙarfen ruteniyam mai kaurin ƙwayar zarra uku a tsakanin shimfiɗu biyu na maganaɗisu don su tallafi juna, kuma a faifan laftof na Travelstar aka fara sayar da ita. Amma mafita ta sosai tana Japan tun tuni. A 1977 Farfesa Shun-ichi Iwasaki na jami'ar Tohoku da ke birnin Sendai ya gabatar da bincikensa cewa ya kamata a daina kwantar da 'yan mayen ƙarfen a fuskar faranti, a riƙa tsayar da su.

Dalilinsa yana cikin darasin da muka yi da mayen ƙarfe biyu a ɗakin gwaje-gwaje: kai iri ɗaya suna ture juna, kai mabambanta suna jan juna. Idan guraben suna kwance a layi, a duk inda fuskanta ta sauya, kai iri ɗaya ne ke karo da juna, saboda haka gwargwadon yadda aka matse su gwargwadon yadda suke raunana juna. Idan kuwa suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, wannan yana duban sama maƙwabcinsa yana duban ƙasa, matsewar ba ta cutar da su, sai ma ta ƙarfafa su. Daɗin daɗawa, tsarin yana ba da damar amfani da sinadari mai taurin kai wanda ɗumi ba ya juya shi da sauƙi.

Kamfanoni ba su yi gaggawar karɓar wannan shawara ba, domin tsohuwar hanya tana ci a lokacin, sabuwar kuma tana buƙatar sabon hed da sabon faranti. Iwasaki da ɗalibansa suka ci gaba da aikinsu. Sai a 2005, bayan shekara 28, Toshiba ya fitar da faifan farko na kasuwa mai rubutu a tsaye, mai inci 1.8. A 2006 Seagate ya fitar da na laftof mai gigabayit 160 da na tebur mai gigabayit 750. A 2007 kamfanin Hitachi, wanda ya sayi sashen faifai na IBM a 2003, ya fitar da Deskstar 7K1000 mai terabayit guda a kan dala 399. Da a farashin 1980 za a sayi wannan wuri, da sai an biya dala miliyan 300. An ba Iwasaki babbar kyautar Japan ta kimiyya a 2010. Gaskiyar Bahaushe da ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Yawancinmu da muka shiga jami'a ko muka kama aiki a waɗannan shekaru, laftof ɗinmu ta farko da irin wannan faifai ta zo, mai gigabayit 160 ko 250 ko 500. A ciki muka rubuta kundin kammala digiri, ba mu san cewa hed ɗin da ke karanta mana shi yana shawagi ne 'yan nanomita kaɗan daga faranti ba, alhali kaurin gashin mutum ya kai nanomita dubu hamsin ko fiye. Wannan kusanci shi ne dalilin da ƙwayar ƙura guda ko faɗuwa daga kan tebur ke iya kashe faifai, shi ne kuma ya sa a 2003 IBM ya fara saka wa laftof ɗin ThinkPad na'urar da ke jin faɗuwa ta janye hed kafin a kai ƙasa. Kuma gwargwadon yawan abin da faifai ke ɗauka, gwargwadon yawan asarar da ake yi ranar da ya mutu. Saboda haka duk takardar da ke da muhimmanci a ajiye ta wuri biyu.

Bayan Shekarar 2010

Cikin shekarun 2010 cunkoso ya haura bit biliyan dubu a murabba'in inci. Idan aka gwada da bit 2,000 na 1956, ninki miliyan 500 ke nan. Amma daga nan gudun ya ragu ƙwarai, domin matsalolin nan uku sun haɗu wuri guda: ƙananan ƙwayoyi ba sa zama, sinadarin da zai zaunar da su kuma ya fi ƙarfin hed ɗin rubutu.

Kamfanoni suka koma wasu dabaru. A 2013 Seagate ya fara sayar da faifan da layukan rubutunsa ke hawa kan juna kamar kwanon rufi, wanda ya ƙara wuri amma ya rage saurin sake rubutu, tun da ba a cire kwano guda ba tare da an taɓa na kusa da shi ba. A shekarar kuma kamfanin HGST ya fitar da faifai mai terabayit 6 wanda aka cika shi da iskar hiliyam aka liƙe. Nauyin hiliyam kashi ɗaya ne cikin bakwai na iskar da muke shaƙa, saboda haka faranti ba ya kaɗawa sosai, ana iya sirantar da shi a jera bakwai a inda da ake jera biyar, daga baya ma aka kai goma. Wannan ƙarin faranti ne, bai taɓa asalin matsalar cunkoso ba.

Abin da ya taɓa ta shi ne rubutu da taimakon zafi. Ana shafe faranti da gaurayen baƙin ƙarfe da filatinam, wanda ɗumi ba ya girgiza shi, sa'an nan a ɗora wa hed ɗan mitsitsin hasken leza da zai zafafa gurbin da za a rubuta fiye da digiri 400 na ma'aunin Salshiyas cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Yana laushi a rubuta, yana hucewa rubutun ya kafu. Shi ma wannan ya ci fiye da shekara ashirin a ɗakunan bincike kafin Seagate ya bayyana faifai mai terabayit 30 a watan Janairu na 2024. Wannan faifai guda, wanda nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, yana ɗaukar abin da sai an tara RAMAC miliyan 8 kafin su ɗauka.

Sai dai waɗannan manyan faifai ba don laftof aka yi su ba. Siririn faifan laftof ya tsaya a wajen terabayit 2, domin cikin shekarun 2010 wata fasaha ta karɓe masa wuri, watau SSD, wadda ba ta da faranti ko hed, ta fi sauri, kuma ba ta tsoron bugewa. Ita ma tushenta binciken da Fujio Masuoka ya yi ne a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. Faifai mai juyawa ya koma manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, inda arahar wuri ta fi sauri muhimmanci, kuma a can ne yawancin hotuna da bidiyon da muke ɗorawa a intanet suke kwana. Daga cikin kamfanoni fiye da 200 da suka taɓa ƙera shi, uku suka rage: Seagate da Western Digital da Toshiba.

Kammalawa

Ya 'yan'uwa, mu sake duban shekarun nan. Abin da Faraday ya gano a 1831 ya shiga faifai a 1956. Na Kelvin na 1856 sai a farkon shekarun 1990. Na Iwasaki na 1977 sai a 2005. Wanda ya fi sauri a cikinsu, na Fert da Grünberg, shekara tara ya yi. Faraday da Kelvin sun mutu ba su san akwai abin da za a kira kwamfutar tebur ba. Kamfanoni ne suka zuba kuɗi suka ƙera kaya, wannan ba a musu, amma abin da suka ƙera ɗin sai da wani ya fara zama a ɗakin gwaji da waya da mayen ƙarfe yana tambayar dalili, kuma sai da wani malami ya fara nuna masa yadda ake tambayar.

Wannan ya kawo ni ga roƙon da nake da shi ga ƙungiyarmu. Duk lokacin da tsofaffin ɗalibai suka tashi yi wa makarantarsu aiki, hankali ya fi karkata ga abin da ido zai gani ranar buɗewa, kamar ƙofar shiga da fenti da allon suna. Waɗannan duka suna da kyau. Amma ina ba da shawara, a taronmu mai zuwa, a ware wani kaso tsayayye na abin da muke tarawa kowace shekara don ɗakin gwaje-gwaje: mayen ƙarfe da garin ƙarfe da waya da batir da ma'aunin wuta, da kuma tallafi ga malaman kimiyya su je ƙaro ilimi. Kayan da ake buƙata a nuna wa yaro gwajin Faraday ba su kai kuɗin buhun siminti biyu ko uku ba. Yaron da ya ga allurar ma'auni ta motsa da hannunsa ba daidai yake da wanda ya kwafi zanen abin daga allo ba. Ba za mu ga amfanin wannan kuɗi a shekara ɗaya ko biyar ba, mai yiwuwa ma wasunmu ba za su gani ba sam, amma haka shuka giginya take, wani ya dasa wani ya sha.

Ga malamanmu kuwa, waɗanda suka tsaya a gabanmu da alli shekara da shekaru ba tare da sanin inda karatun zai kai kowannenmu ba, ba mu da abin biyanku sai addu'a. Waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya da rufin asiri, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu ya kyautata makwancinsu. Allah ya ɗaukaka makarantarmu, ya haɗa kan ƙungiyarmu, amin.